Kwalaben da Lawali Ya Bar Mini

Litinin, 7 ga Afrilu 2025

Rabi ce ke rubutawa, maƙwabciyata, matar direba. Ni ke faɗa. Ban yi lakwal ba, karatun boko, ko sunana ban iya zanawa ba. Sauda nike, amma nan kartiyen Zariya, unguwarmu ta Maraɗi, kowa Maman Lawali yake ce mini.

Fadila, ma'aikaciyar gidan likita na unguwarmu, ita ta ba ni kayen nan, littahin rubutu, yau da sahe. Ta auna tansiyon, hawan jini, ta ce ya ɗan hau amma bai isa kada mutum ba. Ta ce duk ranar da jirin da ke damuna ya zo a rubuta: me na ci, me na sha, me na yi. Kar in ɓoye komai. To ga shi.

Jiya ya zo, bayan la'asar. Ɗumamen tuwo na ci da miyar kuka, na sha ruwan randa. Ina zaune bakin ƙofa sai miyau ya cika mini baki, ga zufa mai sanyi, zuciya na ta bugu kamar ana sussuka cikin ƙirjina. Na rarrafa na kwanta bisa tabarma. Na kira Rabi sau biyu. Injin niƙa na aiki, ba wanda ya ji.

Ba mutuwar nike tsoro ba. A'a, ina tsoronta, rubuta gaskiya. Amma abin da ya hi ta, a kwana biyu ba a sani ba, cikin zahin nan.

Rabi ta ce in bar wagga magana. Na ce ke dai rubuta.

Talata, 8 ga Afrilu

Bai zo ba. Koko da sahe, sai shinkafa da wake da Rabi ta miƙo ta katanga.

Laraba, 9 ga Afrilu

Ya zo da hantsi, har na yi amai.

Rabi ta ce me na yi kahin ya zo. Ban yi komai ba. Na yi shara, na yi wanka, na shafa turaren Lawali, na zauna. Shi ke nan.

Tana tambayar wane turare. To bari a rubuta, amma ba zan ɗauko ba, ba na son ana taɓa mishi kaya.

Lawali ɗana ne, shi kaɗai Allah ya bar mini. Shina da ɗan shago bakin tasha inda ake cajin salula. Da zai tahi Aljeriya, shekara biyu da rabi ke nan, ya kawo wani ɗan karton ya tura ƙarƙashin gadona. Ya ce, "Inna, ki aje mini wanga har in dawo, kar ki bari rana ta taɓa shi." Ban tambaye shi ko mene ne ba. Farko shina kira duk Juma'a. Daga baya wata-wata. Yau wata goma sha takwas ban ji muryarshi ba.

Na hi shekara ban buɗe ba. Wata rana ina shara na ji ƙamshi na tasowa, irin wanda ke jikin rigarshi in ya shigo gaishe ni. Mangwaro-mangwaro, da wani abu mai sanyi. Na zauna ƙasa na buɗe. Ƴan kwalabe ne na roba, tsawon yatsa, ashirin da huɗu, kowace da hoton ɗan itace. Ɗaya ta yi yoyo. Tun daga ranar, in kewarshi ta taso, sai in ɗiga a tahin hannu in murza, in shafa wuya da bayan kunne da ƙarƙashin hanci. Uku na ƙarar.

Abu ɗaya ke damuna. Da na fara buɗewa ruwan fari ne tas. Bara ya koma kamar shayi. Yanzu wasu sun yi duhu kamar zuma tsohuwa. Ban taɓa barin su a rana ba, Allah shina gani. Me ke sa abu ya yi duhu shi kaɗai cikin duhu? Ni dai na san abin da nike tunani, kuma ba zan faɗa ba.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Zakariya'u ya zo, ƙanena na Jiratawa, mai lambu. Jibi ake ɗaurin auren ɗiyarshi Ilham, za a kai ta Tsibiri. Ya ce in shirya ya ɗauke ni bisa babur. Na ce da wanga jiri? In faɗo kan godoro, tsakiyar titi, ku bar biki ku koma zaman makoki?

Ya ce, "Yaya, ke ce gwaggon amarya. Wa zai kai ta ɗaki?"

Na ce akwai masu ƙafa.

Ba ni da atamfa, ba ni da kwano sabo, kuma ba a aika hannu banza bikin ɗiyar ƙane. Na shiga ɗaki na daɗe tsaye. Sai na ce ai in Lawali na nan shi zai fara ba ta. Na zaɓi huɗu masu hoto mai kyau, abarba biyu, ayaba, da wani jan abu, na ƙulle cikin kallabi. Na ce a ce mata daga gwaggonta da yayanta Lawali. Shi kuma Zakariya'u na ba shi biyu masu ganye, ya shafa ran Juma'a. Ya sunsuna, ya ce kamar na'ana'a da kanumfari.

Da ya tahi na ji kamar na yi sata.

Asabar, 12 ga Afrilu

Yanzu haka ana can ana guɗa. Na dafa taliya ta mutum ɗaya, ta yi yawa. Jirin ya zo kaɗan da yamma. I, na shafa.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Rabi za ta Gidan Runji gobe, uwarta ba lahiya. Ba ta san ranar dawowa ba. Wa zai rubuta? Wa zai miƙo kai ta katanga ya ce Inna kin tashi?

Alhamis, 17 ga Afrilu

Yau Madam Damaris ce ke riƙe da bik, abin rubutu. Gida uku tsakaninmu. Ta yi shekara talatin tana koyarwa a lakwal, yanzu ta huta. Ƴar Tsibiri ce, Kirista. Shekara nawa muna gaisawa a bakin pampo, ban taɓa shiga gidanta ba sai yau, da kaye a hannu kamar mai neman aiki. Ta ba ni kujera da ruwan sanyi.

Kwana ukun da ba a rubuta ba, na riƙe su a kai. Litinin bai zo ba. Talata ya zo, mai tsanani, har hannuna na rawa. Laraba bai zo ba. Ban yi magana da kowa ba tun Litinin, sai mai gawayi.

Madam ta ce suna cikin hidimar Ista har Lahadi, amma in zo Litinin.

Litinin, 21 ga Afrilu

Madam ta ce bari ta karanta mini daga farko, don ta san inda aka kwana. Ban taɓa jin maganata na hitowa daga bakin wani ba. Na ji kunya. Ashe haka nike da surutu.

Ta kai tsakiya ta tsaya, ta koma baya, ta tura tabarau bisa goshi. Ta ce, "Maman Lawali, ran Talatar nan da ya zo mai tsanani, kin shafa turaren?" Na ce i, sau biyu, ranar ce ranar haihuwarshi a lissahina. Ta ce ranar da bai zo ba fa? Na lissafa, ranar ban shafa ba.

Ta ce in kawo ɗaya ta gani. Na ce a'a. Ta ce to ita ma ta aje bik. Muka zauna haka, ita tana tsince shinkafa, ni ina kallon kajinta. Daga ƙarshe na tahi na ɗauko.

Ta juya kwalbar, ta kai ta haske. Ta nuna mini wani ɗan hoto a baya, ƙanƙane, ƙoƙon kan mutum da ƙashi biyu. Ni duk wanga lokaci ban gan shi ba, idona bai kai ba. Ta ce rubutun na Ingilishi ne, ba ta gane duka ba, amma hoton nan ko a kan maganin ɓera shi ne. Ta ce gobe mu je wurin Fadila tare.

Na ce ɗana ba ya aje guba ƙarƙashin gadon uwarshi. Da ƙarhi na faɗa. Ta ce, "Ban ce ya yi ba." Ta rubuta wannan ma, na ce ta rubuta.

Talata, 22 ga Afrilu

Madam ke rubutawa.

Fadila na ganin kwalbar ta ce, "Inna lillahi! Inna, wannan kike shafawa?" Ta sa safar hannu kahin ta buɗe.

Ba turare ba ne. Ruwan taba ne. Wai akwai wani abu da samari ke riƙewa, kamar bik mai batir, su zuba wanga ruwa ciki su zuƙa, hayaƙi ya hito mai ƙamshi. Na taɓa ganin shi hannun Lawali. Na ɗauka na gyaran salula ne. Ko kuma na so in ɗauka haka.

Ta ce dahin taba ne a tattare ciki, nikotin sunanshi. Ko sabo ne ba a shafa shi, fata na shanye shi, shi ke kawo miyau da amai da bugun zuciya. Sha kuwa, ta ce kaɗan ya isa ya halaka yaro ƙarami. Ta nuna kwanan da aka buga a gindin kwalbar, ta ce lokacinshi ya wuce tun shekara biyu. Wai ko an aje shi wuri mai sanyi bai wuce shekara biyu da yi, balle ɗakin kwano a Maraɗi. Zahi da iska ke sa shi duhu. Ƙamshin ya lalace, wasu abubuwan cikin su canza, ba wanda zai ce miki ga abin da suka koma. Amma dahin bai gudu ba, shina nan.

Na ce, to duhun nan ba alama ba ce?

Ta ce, "Alamar me, Inna?"

Na ce ba komai. Na hita waje na zauna bisa benci. Wata nawa ina ɗaga kwalba ina duba launinta kamar mai duba mara lahiya. In ta ƙara duhu in ce Lawali ne ke cikin wahala, in kasa cin abinci. Ashe zahi ne kawai. Zahin ɗakina. Ban san ko in ji daɗi ba.

Madam ce ta faɗi zancen shidan da na bayar. Ni da na bar shi. Fadila ta kira lambar Zakariya'u sau uku, a kashe. Ta Ilham ba ni da ita. Ta ce in je yau ɗin nan in amso su.

In amso. Gudummawar biki. Wa ya taɓa yin haka?

Laraba, 23 ga Afrilu

Ban je ba. Na ce ma Madam ƙafata ke ciwo, kuma ga ta tana rubuta cewa ƙarya ce.

Ku duba mini. Yarinya kwana goma sha ɗaya a gidan miji, surukarta na zaune, dangin miji na shiga da hita. Sai ga gwaggon da ba ta zo biki ba ta sallama, ta ce a ba ta abin da ta aiko. Kuma in an ce don me, in ce ɗana taba yake saidawa, kuma guba na aiko ma amarya. Har ta tsufa za a riƙa yi mata gori da ni.

Kuma ai shafawa za ta yi. Ni na shekara ina shafawa ban mutu ba. Amarya da turaruka cike da kwaba, ƙila ko buɗe nawa ba ta yi ba.

Madam ta duƙa bisa kayen. Rubutunta ma yau da sauri take yi.

Ban shafa ba jiya da yau. Jirin bai zo ba. Na so ya zo.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Rabi ta dawo jiya da hantsi, uwarta ta samu sauƙi. Ita ke rubutawa, kuma za ta rubuta abin da ta yi.

Na ba ta labari, na ɗauko karton ta gani, tunda asiri ya riga ya tonu. Ta ɗauki mai hoton abarba tana dariya. Ta ce, "Kai Inna, wa zai ce turare ne? Ni da a kasuwa na gan shi sai in ce arom ne, na zoɓo. Kwalbar iri ɗaya, har bakin ɗigawar."

Arom. Wanda mata ke ɗigawa cikin zoɓo da kunun aya don ƙamshi.

Ilham tun tana ƴar shekara goma sha biyu zoɓo take ƙullawa cikin leda tana saidawa. Duk Jiratawa an san zoɓonta. Kuma ni ban ce ma Zakariya'u ya ce mata turare ne ba. Na ce dai daga gwaggonta da yayanta.

Ban san lokacin da na sa takalmi ba. Ɗaya nawa, ɗaya na Rabi. Na buga ƙofar Madam, ta hito da hannu duk kumfa, ta dube ni, ta koma ta ɗauko mayahi. Muka shiga adaidaita. Hanyar Tsibiri duk an canza ta, gidaje sun ci gonaki, ban gane komai ba sai gada. Ina ta karanta duk abin da na iya. Madam ma bakinta na motsi, nata daban.

Ita ta san gari, ta tambaya, aka nuna mana gidan.

Tsakar gida cike da mata. Ga tukunya babba bisa wuta, jan ruwa na tafasa. Ashe gobe Asabar ake suna a gidan wan mijin, an ce amarya ta nuna hannunta, zoɓon mutum ɗari.

Ilham ta taso da gudu, "Gwaggo! Gwaggo ce!" Ta durƙusa. Surukarta na bisa tabarma, wata doguwa mai haƙorin Makka. Ta ce, "A'a, yau gwaggon amarya ta samu ƙafa? Har mun ce ko sai suna." Mata suka yi dariya.

Aka yi gaisuwa. Lahiya, gida, zahi, gajiyar biki. Ni idona na kan tagar ɗakin amarya. Ga su nan a jere, huɗu, kusa da sukari.

Na so in ja ta ɗaki in raɗa mata. Sai surukar ta ce, "Arom ɗin da kika aiko, ɗaya ta lalace. Shekaranjiya ta ɗiga a kofi ta ɗanɗana, ta ce yaji da ɗaci, ta wuni tana amai. Mu har mun fara murna, muka ce da wuri haka?" Aka sake dariya. Ilham ta ruhe huska. Ta ce, "Sauran ukun ban buɗe ba, Gwaggo, na aje ma na gobe."

To a nan na bar zancen raɗa. In na raɗa, wata za ta ɗauka ta zuba. Na miƙe tsaye tsakiyar mata, da takalmi iri biyu. Na ce, ba arom ba ne. Ba turare ba ne kuma, ko da yake ni na ɗauka shi ne. Ruwan taba ne, na ɗana, ya tsufa, guba ne. Ni na aiko da shi cikin rashin sani, kuma na zo in amshi abina.



Surukar ta ce, "Taba? A gidan amarya?" Wata daga baya ta ce dama ɗan nata ai an san shi a tasha. Na ji ta sarai. Madam ta buɗe baki, na riƙe mata hannu. Na ce i, an san shi. Ku ba ni.

Ilham ta kawo su cikin kallabin da na aiko da su.  Ta dubi yaran da ke wasa gindin turmi, biyar ko shida, ta dube ni, sai ta fashe da kuka. Madam ta sa aka wanke kofin da taga da sabulu, ta ce gobe a kai Ilham likita a duba ta ko da ta warke.

Ba a ce mu zauna mu ci abinci ba. Har mun kai zaure sai ga surukar da kwano, zoɓo mai zahi ba sukari. Ta ce, "Sha, kin sha hanya." Ba ta dube ni ba. Na sha.

Ilham ta ce salular babanta ta faɗa ruwan lambu tun ran biki.

Saura biyu.

Asabar, 26 ga Afrilu

Jikina duk ciwo. Madam ta ce gobe tana coci har azahar, in jira Litinin. Na ce to.

Litinin, 28 ga Afrilu

Ban jira ba. Rabi, bar kallona haka, rubuta.

Jiya da sahe na tsaida kabu-kabu bakin titi, na zaɓi mai hurhura a gemu. Na ce Jiratawa, kuma in ka yi gudu Allah ya isa. Na damƙe mishi riga har ya ce, "Hajiya, numfashi nike so in yi."

Na iske Zakariya'u cikin lambu, kwance gindin mangwaro da rana tsaka, shi da ba ya zama. Kumatu ya kumbura. Ya ce kwana huɗu ke nan in ya sunkuya ban ruwa sai duniya ta juya, ga miyau kamar na jariri. Na ce ina turaren? Ya ce wane turare, ai maganin haƙori ne, tunda ya ji kanumfari. Auduga yake jiƙawa ya cusa cikin kogon haƙori, sahe da yamma.

Na ce tofar! Tofar yanzu! Na ɗebo ruwa na sa ya kurkure baki har sau bakwai. Na gaya mishi komai.

Ya daɗe shina kallona. Sai ya ce, "Wato Yaya ke kin shafa, Ilham ta sha, ni na tsotsa. Saura wa a dangi?" Na ɗaga hannu zan make shi, sai dariya ta ƙwace mini. Muka yi ta yi kamar mahaukata, shi riƙe da kumatu, ni riƙe da ciki. Rabon da in yi dariya har hawaye na manta. Daga baya hawayen suka ci gaba su kaɗai, ya bar ni, ya tahi ya kashe injin ruwa.

Na amshe kwalbar haƙorin, ta biyun kuma tana cikin bukkar lambu, bisa bulo, inda rana ke shigowa. Ta kumbura ta yi yoyo. Tururuwa sun mutu kewaye da ita, baƙi ƙirin. Da leda na ɗauka, na kankare ƙasar wurin na haɗa.

Matarshi ta yi mini kwaɗon zogale. Ya ce gobe zai je a cire haƙorin a duba shi, na sa ya rantse. Da zan taho ya ce, "Yaya, ki zo ki yi damina nan. Ɗakin Ilham ba kowa." Na ce in Lawali ya zo ya iske ƙofa da kwaɗo fa?  Ya ɗaura mini mangwaro a bayan babur.

Shida sun cika. Yau da sahe na kai ma Fadila karton duka. Ta ce kar a zuba a kwata ko masai ko inda dabba ke sha, su za su haɗa da magungunan da suka lalace. Ta ce, "Ba saura, Inna?" Na ce ba saura.

Laraba, 30 ga Afrilu

Kwana tara bai zo ba.

Juma'a, 2 ga Mayu

Madam ce yau. Na hi son ita ta rubuta wannan, Rabi za ta yi mini faɗa.

Akwai saura. Ɗaya, mai mangwaro, na ƙulle ta a bakin zane tun ran Litinin. Na ce ba zan shafa ba, sunsunawa kawai.

Yau bayan an sauko daga masallaci na zauna na kwance ta. Na buɗe, na kai hanci, na ruhe ido. Na yi ta jira.

Madam, ba shi ba ne. Wani wari ne kamar barkono da tsohon mai. Na sake sunsunawa. Kuma ba yau ya fara ba. Tun wajen bara haka yake, na sani, hancina lahiya lau. Shi ya sa nike ƙara yawan ɗigawa, ko zai hito.

Na kai ma Fadila ita da la'asar. Ta amsa, ba ta tambaye ni komai ba. Yarinyar na da hankali.

Ba ina cewa wani abu ya same shi ba. Kar ki rubuta haka. Ruwa ne ya tsufa, shi ke nan.

Litinin, 5 ga Mayu

Rabi ke rubutawa, a tsaye, don mai kabu-kabun nan na ƙofa, mai gemun.

Hadari ya fara haɗuwa gabas. Zakariya'u ya aiko an cire haƙorin, kuma matarshi ba ta iya tsinkar zogale ita kaɗai. Kwana biyu zan yi, ko uku. Ba damina ba, kar a ce na ce damina. Na dai ɗauki zane huɗu don ba na son wanki a gidan mutane.

Na ba Madam kajina biyu ta haɗa da nata. Na sa kwaɗo, makulli na wurin Rabi.

Na ce mata in wani ya zo nemana, ta ce ina Jiratawa, lambu na uku bayan injin ruwa. Ta ce, "Wa, Inna?"

Na ce kowa.